Reshen da Na Sare

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Shekara talatin da ɗaya ina sana'ar kafinta, kuma kujerar da na ƙera da hannuna ce ta karya ni. Duk wanda zai ba da tarihina ya fara daga nan.

Ƙafarta ɗaya ta gaza sauran da faɗin yatsa. Shekara biyu matata tana cewa in gyara, ni kuma ina cusa mata kwali a ƙasa ina cewa gobe. Ranar Asabar na hau ta zan canza ƙwan fitila, kwalin ya ce shi ma ya gaji. Likita ya ɗaga hoton ƙashina a haske, ya ce ƙaurin hagu ya karye gida biyu. Ya naɗe ni da farin siminti tun daga yatsu har cinya, ya ce sati biyar kada in kuskura in taka.

Matata, wadda nake kira Alƙaliya don ba ta taɓa faɗuwa shari'a ba a gidan nan, ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Ɗauko kujerar ta yi ta ajiye daidai inda zan riƙa ganinta daga gado. Hukuncin ke nan.

Wannan littafin na awon katako ne, da sauran shafuka a baya. Tunda ƙafa ta ƙi, bari hannu ya yi yawo.

Laraba, sha ɗaya na safe

Silin ɗin ɗakin nan falle goma sha takwas ne. Ni na buga shi. Na uku daga taga a karkace yake, sai yau na lura. Ta taga kuwa: bangon maƙwabci, tankin ruwa, rabin igiyar shanya. Ƙaiƙayi ya kama ni a cikin simintin, inda ko tsinke ba ya kaiwa.

Juma'a, biyar na yamma

Injiniya ta zo. Ita ce 'yata ta fari. Sunan ni na laƙaba mata tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da ta kwance rediyona ta mayar, sukurori uku suka rage a hannunta, rediyon kuma ya ci gaba da magana. Yanzu aikinta gina shafukan intanet a wani kamfani. Ni da na tsaya a aji huɗu, in an tambaye ni me take yi sai in ce kafinta ce ita ma, sai dai gara ba ta cin katakonta.

Ta ɗora min tsohuwar kwamfutarta a kan cinyar mai lafiya.

"Abba, zaman nan zai haukata ka, kai kuma ka haukata Umma. Ga aiki."

Ashe wata takwas tana gina wa danginmu bishiyar zuri'a, wadda kowa zai iya buɗewa a wayarsa. Abin da ya rage sunayen 'yan uwan da ni kaɗai na sani.

Na ce, "Ina bishiyar? Ni layuka nake gani kamar rajistar makaranta."

"Haka take a ajiye. Kowane mutum layi ɗaya ne: lambarsa, sunansa, hotonsa, sai gurbi guda da ake sa lambar ubansa. 'Ya'yan 'yan uwanmu mata kuma lambar uwarsu ake sa musu, tunda ita ce tamu. Shi ke nan."

"'Ya'yan mutum fa, a ina ake rubuta su?"

"Ba a rubutawa. A nan uba ba ya riƙe da kowa, ɗa ne ke riƙe da uba. In ana neman 'ya'yanka sai kwamfuta ta zagaya tana tambaya, su wa suka sa lambar Abba a gurbinsu?"

Na ce lallai injin nan ya san duniya.

Ta danna wani wuri, layukan suka miƙe suka zama bishiya. Can sama Baba, Allah ya ji ƙansa, lamba ɗaya, gurbinsa ba kowa. Ta ce duk wanda gurbinsa ba kowa shi ne saiwa. A ƙarƙashinsa Yaya, lamba biyu, sai mata uku, sai ni, auta.

Na gyara murya irin ta masu sana'a na ce haɗin nan ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, ni da ni ne sai in ƙara. Ta ce akwai wata hanya, a sa kowa ya ɗauki jerin kakanninsa gaba ɗaya a jikinsa kamar adireshi, ɗaya, biyu, tara. Nema ya fi sauri, amma in ka matsar da mutum ɗaya sai ka sake wa duk na ƙasansa rubutu. Ita mai sauƙin ta zaɓa.

"Ƙusa ɗaya ce, Abba, amma mai ƙarfi." Sai ta ɗan kalli kujerar. Na bar zancen haɗi.

Abin da ya fi taɓa ni muryoyin Gwaggo. Ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Bara, kafin ciwon shanyewar jiki ya ɗauke mata magana, Injiniya ta zauna da ita ta naɗi abin da ta faɗa a kan kowa, ta liƙa wa kowane suna nasa. Ka taɓa sunan mutum, Gwaggo ta fara zuba.

Reshen Yaya a cike yake, mutum arba'in da uku. Ita ta je gidan da kanta ta tattaro. Ban san tana zuwa ba. Ban tambaye ta yadda yake ba.

Lahadi, biyu na rana

Na shigar da mutum goma sha ɗaya da yatsa ɗaya. Alƙaliya ta ce kamar kaza tana tsince gero. Na ce kazar nan fa tana da kalmar sirri.

Talata, goma na safe

Na buɗe layin Yaya. Ba wani abu nake nema ba. Ya yi furfura. Gurbin uba: lamba ɗaya.

Shekara tara ke nan ba ma magana da shi. Ba zan rubuta maganar nan ba. A ƙofar shago ne, kwana uku bayan mun binne Baba, gaban mutane. Shi ma ai ya faɗi nasa. Amma nasa ba irin nawa ba ne.

Na rufe. Falle goma sha takwas.

Laraba, uku da kwata na rana

Zafi, ƙaiƙayi, ba kowa a gida. Alƙaliya ta tafi duba Gwaggo.

Gani kawai nake son yi. Kamar yadda mutum ke ɗora zarto a kan katako ba tare da ya ja ba. Na goge lambar da ke gurbin Yaya na adana, in ga yadda za ta kasance.

Bishiyar ta rabe biyu. Ga tamu, ga Yaya can gefe shi kaɗai a sama, ba kowa a kansa, da 'ya'yansa da jikokinsa suna reto a jikinsa. Saiwa ta biyu. Abin da bakina ya faɗa a ƙofar shago, ga shi an zana shi da kyau, kuma duk wanda ya buɗe wayarsa yanzu zai gani.

Laraba, huɗu saura

Na nemi inda zan mayar da lambar, na kasa gane shi. Sai dabarar kafinta ta zo min: in haɗi ya ɓaci, cire katakon ka sake bugawa. In goge layin Yaya, in sake rubuta shi sabo a ƙarƙashin Baba, ba wanda zai sani.

Allon ya cika da dogon Turanci, da jerin abubuwa har ƙasa, da jan maɓalli. Turancina bai wuce na gaisuwa da na kan gwangwanin fenti ba. A rayuwata duk inda inji ya tambaye ni abu, eh nake cewa.

Bishiya ta koma ɗaya. Siririya.

Ba Yaya. Ba 'ya'yansa. Ba kowa.

Laraba, shida na yamma

Na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin filo, kamar wanda ya kashe kazar maƙwabci.

Alhamis, tara na safe

Guruf ɗin dangi na waya ya kama da wuta. Saƙo ya fi ɗari kafin in gama shayi. Babban ɗan Yaya, wanda muke kira Lauya ko da yake bai taɓa shiga kotu ba sai dai bakinsa ya isa, ya turo murya ta minti shida. Ya ce sun buɗe gida sun karɓi yarinya, sun ba ta hotunan matattunsu, ashe aiko ta aka yi. Ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ga 'ya ma ta gada.

Na rubuta "ni ne". Na goge. Wannan gogewar kam na iya ta.

Alhamis, bakwai na yamma

Injiniya ta zo daga ofis kai tsaye, idonta ja. Ta karɓi kwamfutar, ta daɗe tana dubawa. Ni ina ta duban silin.

Can na ce, "Ko dai cuta ce ta shiga injin?"

"Ba cuta ba ce, Abba." Ta ci gaba da duban allon. "Lokacin da nake ginawa, sai da aka tambaye ni: in an goge uba, me za a yi da waɗanda ke riƙe da lambarsa? Akwai zaɓin su bi shi. Akwai zaɓin a hana gogewar in dai yana da 'ya'ya. Kalma ɗaya ce tsakaninsu. Na rubuta su bi shi. Ya tafi, 'ya'yansa suka bi shi, jikoki suka bi 'ya'ya."

"Ba a dawo da su?"

"Kwafin ajiyar da nake da shi na farkon aikin ne, kafin in je gidan Baba Babba. Na yi ta cewa gobe zan yi sabo."

Gobe. Wannan ma a wurina ta gada.

Alƙaliya tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ce, "To wa ya goge?"

Injiniya ta rufe kwamfutar ta sa a jaka. "Laifina ne, Umma. Ni na gina shi haka."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye gaba."

Asabar, sha biyu na rana

Ta ba da haƙuri a guruf. Layi huɗu, ba ta ambaci kowa ba. Wata 'yar Yaya ta amsa mata da cewa muryar Gwaggo a kan mijinta marigayi ita take kunna wa yara, yanzu me za ta kunna?

Yaya bai ce uffan ba. Yana cikin guruf ɗin, ina ganin lambarsa.

Litinin, safe

Tanki, bango, rabin igiya. Yau zani biyu da wandon yaro.

Talata, huɗu na yamma

Lauya ya zo dubiya. Ya zauna a kan kujerar nan, na so in gargaɗe shi, na fasa, amma ko gezau ba ta yi da shi ba. Ni kaɗai ta tsana.

"Baba Ƙarami, ya ƙafa?"

"Tana nan tana hutawa, ni nake wahala."

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ba ya ganin laifina, yaran yanzu ne, sun yi boko sun raina kowa. Ya ce tun da har za ta iya share gida guda da yatsa ɗaya, a kula da ita. Na ce uhm. 'Yata ake yanka a gabana, ni ina riƙe da ƙafa.

Da zai tafi ya leƙa waje ya shigo da sanda mai hammata, guda ɗaya, ta jingine a bango.

"Baba ya ce a kawo maka. Ya ce ta fi ta asibiti."

Na san ta. Ni na sassaƙa ta shekara ashirin da suka wuce, lokacin da babur ya kayar da Yaya. Ga inda na naɗa mata tsumma a hammata, an sake sabo. Ashe yana ajiye da ita.

Yanzu abu biyu ke kallona a ɗakin nan.

Alhamis

Ba ta zo ba.

Asabar, biyar na yamma

Ba ta zo ba. Ta kira uwarta, na ji suna magana a kicin. Ba a kawo min wayar ba.

Alƙaliya ta shigo tana ninke kaya, ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, ranar Larabar nan da na je gidan Gwaggo, na dawo na tarar ba ka ci abinci ba. Shekara talatin, ko ranar da aka yi maka aikin ƙaba sai da ka tambayi abinci."

Na ce zafi ne.

"Zafi," in ji ta. Ta ɗaga shari'a ba ta sa rana ba.

Litinin, sha ɗaya na safe

Na gwada rubuta sunayen reshen Yaya a bayan littafin nan, in gani ko zan iya mayarwa da kaina a ɓoye. Goma sha tara na samu. Arba'in da uku ne. Sauran an haife su ko an auro su cikin shekara taran nan. Ban je suna ko ɗaya ba. Ina aika Alƙaliya, in ce aiki ya yi yawa a shago.

Mutum ashirin da huɗu na goge waɗanda ban ma san sunansu ba.

Laraba, uku da kwata

Sati biyu cif. Daidai wannan lokacin.

Kowa ya san Inna, mahaifiyarmu, ta shigo gidan Baba da Yaya a goye. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa, shekara hamsin. Sai mutum ɗaya, mai wayo, a kan maganar wa zai riƙe mabuɗin shago.

Na ce ba zan rubuta ba. Ban rubuta ba ai.

Juma'a, shida na yamma

Ta zo. Ta rame. Ta gaishe ni gaisuwar da ake yi wa maƙwabci, ta zauna a bakin gado, ta buɗe kwamfutar ta juyo min da ita.

"Abba, ka iya karanta sunanka da lambobi, ko?"

Wani shafi ne da ban taɓa gani ba. Layi biyu ta nuna min. Sunana, Laraba, uku da minti sha biyu. Sunana, Laraba, uku da minti arba'in.

"Na farkon, an canza gurbin uba. Na biyun, an goge. Duk abin da aka taɓa, yana rubuta wa ya taɓa da lokacin."

Na ce, "Yau kika gano?"

"Tun ranar Alhamis ɗin. A nan, a gabanka, kana tambayata ko cuta ce."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa dangi ubana ya cire wansa daga jikin kakana? Da bakina?" Ta dube ni. "Jira nake ka faɗa, Abba. Kullum in na buɗe guruf sai in ce yau. Gogewar ba ta dame ni ba, na san kuskure ne, ba ka karanta gargaɗin ba. Na farkon ne. Wannan ba sai da Turanci ba."

Na ce gani kawai nake son yi.

"To ka gani."

Alƙaliya ta shigo ta ajiye ruwa ta fita. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Kafin ta tafi Injiniya ta ce akwai abu ɗaya. Layukan sun tafi, amma muryoyin Gwaggo ba a cikin layukan suke ba, a wata ma'ajiya daban suke, layin yana nuna inda suke ne kawai. Ta same su. Sai dai ba suna a jikinsu, lambobi ne zalla, kuma Gwaggo ba ta faɗin suna, sai "wannan ɗan", "wannan ja'irar". Sai wanda ya san mutanen ya saurara ya ce wannan na wane ne.

Ta ajiye min abin sa wa a kunne. "Kana da lokaci ai."

Asabar, tun safe har la'asar

Gwaggo, Gwaggo, Gwaggo. Na manta yadda take dariya kafin ta kai ƙarshen labari. "Wannan da haƙori biyu aka haife shi, uwarsa ta sha wuya." Na gane shi, Lauya ne, ba mamaki. "Wannan ja'irar ta ɓoye kyanwa a tukunya." Ban sani ba. "Wannan kamar kakansa yake tafiya." Wane kakan? Ban sani ba.

Na gane goma sha huɗu.

Lahadi, goma na safe

Murya ta ashirin da bakwai. Na ji ta sau biyar. Bari in rubuta yadda ta faɗa.

"Wannan ai shi ne babba. Yana wata bakwai yayana ya karɓe shi daga bayan uwarsa, ya ɗora a kafaɗa, ya zagaya da shi layi yana cewa ku zo ku ga ɗana na fari. Yaron ya yi masa fitsari a wuya, ya ce madalla, ya sa hannu a takarda. Da aka haifi autan, shi ya riƙa goya shi zuwa shago. Shi kuwa autan, ki bar shi, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri tun yana ƙarami. Zai dawo. Sai dai in ƙafar ta makara."

Sai dariyarta, sai muryar Injiniya a baya tana cewa, "Gwaggo, ana naɗa fa."

"Ki naɗa mana. Ai don ya ji na faɗa."

Lahadi, yamma

Ban ƙirga silin ba yau.

Litinin, tara na safe

Sau tara na naɗi murya ina gogewa. Ta farko na fara da barkwanci. Ta huɗu na ɗora wa zafi da ƙaiƙayi. Ta bakwai na ce "an samu kuskure", kamar daga sama ya faɗo. Alƙaliya tana zaune a kan kujerar da ta sa wa kwali da kanta, duk wadda na yi sai ta girgiza kai.

"Malam, ka ce ni. Kalmar ba ta da tsawo."

Ta goma ita na tura. Na ce ni ne. Na ce yarinyar ba ta taɓa komai ba, ta rufa min asiri ne kusan sati uku kuna zaginta ina ji. Na ce kafin in goge sai da na fara cire Yaya daga ƙarƙashin Baba, da gangan, da hannuna, kuma ba ranar na fara ba. Na ce Yaya, abin da na faɗa a ƙofar shago ƙarya ce, ko da kowa ya san gaskiya ce.

Minti ɗaya da daƙiƙa goma. Na kifa wayar.

Litinin, biyu na rana

Guruf tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Mutum talatin da shida sun saurara. Yana cikinsu.

Talata, biyar na yamma

Lauya ya ba Injiniya haƙuri a guruf, layi ɗaya da rabi, wanda a wurinsa hadaya ce. Ni kuma ya turo min tawa daban, minti takwas. Na saurara duka. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba.

Ta zo da yamma. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba, amma ta ce silin ɗina na uku a karkace yake, na ce na sani. Ta nuna min ta canza kalmar nan. Yanzu in ka ce a goge mai 'ya'ya, injin sai ya ƙi, ya jero maka su. Na ce da ma an sa wa bakin mutum irinta.

Ta ce ta je wurin Yaya jiya. Ta yi masa tayin ƙara gurbi na biyu ga kowa, ɗaya na wanda ya haifa, ɗaya na wanda ya yi raino, don kada a sake samun irin wannan.

"Me ya ce?"

"Ya ce in ƙara wa masu bukata. Shi gurbi ɗaya ya ishe shi."

"Ni fa, bai ce komai a kaina ba?"

"Ya ce sandarsa aro ce. Ka kawo masa da ƙafarka."

Alhamis, sha biyu na rana

An fasa simintin. Ƙafar ta fito siririya, fara, tana wari, kamar ba tawa ba. Na sosa ta har likita ya riƙe min hannu. Ya ce in fara da taku goma a tsakar gida. Gidan Yaya hawa biyu ne, matakala ashirin da biyu. Ni na yi musu abin dafawa, in ba su cire ba.

Injiniya ta sake buɗe layin lamba biyu. Ta sa sunansa, ta sa hotonsa, ta liƙa masa ta ashirin da bakwai. Gurbin uban ta bar shi ba kowa. Na ce ta cike mana, lamba ɗaya ce kawai. Ta ce a'a, wanda ya cire shi zai mayar, kuma a gabansa. Har zuwa ranar, duk wanda ya buɗe wayarsa zai ga Yaya can gefe shi kaɗai, kuma yanzu kowa ya san aikin wa ne.

Ga abin da ke kaina ke nan: sanda ɗaya, lamba ɗaya, da mutum ashirin da huɗu da zan durƙusa gabansu ɗaya bayan ɗaya, da furfurata, in ce ni ƙanin kakanku ne, ya sunanka?

Alƙaliya ta ce Asabar. Na ce ƙafar ba ta yi ƙwari ba, ko Asabar ta sama. Sai ta sunkuya ta zare kwalin daga ƙarƙashin kujerar ta ajiye min a kan littafin nan.

Asabar ɗin nan. Taku goma na yi yau. Saura sha biyu.